Mita Goma a Valparaíso

A watan Yuni, tsakiyar sanyin kudu,
aka aiko mana da fom daga Santiago,
layi bisa layi kamar gonar da aka yi wa kunya.
Wai daga yau kowane majinyaci sai an auna shi:
ranar shigowa, mako na huɗu, ranar sallama.
Na ce wa Doña Herminia, shugabarmu,
shekara goma sha tara tafina ke karanta gwiwa,
idona ya san kafaɗar da ta fara sakin jiki,
me takarda za ta gaya mini?
Ba ta tanka ba. Ta miƙo mini tef ruwan ɗorawa
da agogo mai igiya irin na alƙalin wasa.

Na manna tef ɗin a baranda, mita goma,
daga ƙofar ɗakin gashi zuwa tukunyar furen da ya bushe.

Don Eladio Huenchul na fara aunawa.
Shekara talatin yana sauke kaya a tashar jiragen ruwa,
rannan da safe, kofin shayi na hannunsa,
ɓarinsa na hagu ya shiga yajin aiki
ba tare da sanarwa ba.
Ya ja ƙafa, ya ja, sandar tana rawa.
Daƙiƙa arba'in da ɗaya. Na rubuta.
Ya ce, “Yarinya, yanzu kunyata ake ƙirgawa?”

Makonnin farko ba daɗi.
Kwamfuta ta daskare, shayi ya huce,
Aníbal na gunaguni a bayan labule
wai an mai da mu akawu.
Sau biyu na manta agogon a aljihun rigar gida.

Mako na huɗu Don Eladio ya zo da hularsa a hannu.
Ya ce ya gode, amma ba zai ƙara dawowa ba,
kuɗin mota kawai yake zubarwa,
jiya i yau, ƙafar nan ta mutu.
Ni ma, in faɗi gaskiya, idona bai ga wani canji ba.
Na ce to, mu yi na bankwana.
Ashirin da bakwai.
Na ajiye lambobin biyu kafaɗa da kafaɗa a gabansa.
Ya daɗe yana kallonsu
kamar mai duba takardar albashin da aka yi wa ƙari bisa kuskure.
Sannan ya mai da hular kansa
ya tambayi ƙarfe nawa zai zo ranar Alhamis.

Ba kowace lamba ce ta yi mini daɗi ba.
Ta Señora Ondina ta kafe mako shida, ko gezau,
alhali kullum ina ce mata “sauƙi na samuwa”
don kawai ina son dariyarta.
Takarda ba ta jin kunyar kowa.
Na zauna da dare na sake mata atisaye daga tushe.

Amma fom ɗin ma akwai inda ganinsa ya tsaya.
Barandarmu shimfiɗe take kamar faranti,
gidan Don Eladio kuwa yana can ƙwanƙolin Cerro Toro,
matakala ɗari da arba'in da shida daga titi,
jikokinsa biyu ke ɗaukarsa a kujera.
Ba gurbin wannan a takardar Santiago.
Sai na ja layi da fensir a gefe,
na rubuta: matakala nawa yau?
Tara. Ashirin da biyu. Sittin.
Doña Herminia ta gani, ta ɗaga gira,
da aka sake buga fom sai ga layina da tawada.

Cikin Disamba, rana ta buɗe, wayar ofis ta yi ƙara.
Numfashi na fara ji kafin murya.
“Ɗauko fensirinki,” in ji shi.
“Ɗari da arba'in da shida. Na huta sau uku.
Teku tana nan inda na bar ta.”